Gudun Yada Ƙanin Wani: Mu Daina Zuga Ƙannenmu Su Je Su Zube



Wanda ya fara raɗa wa tseren kilomita 42 suna "gudun yada ƙanin wani" ya gama yi mana gargaɗi tun a sunan. Gudu ne da ake fita tare, a dawo babu wani. Mu ne dai muka mayar da sunan abin dariya, muna faɗa muna ƙyaƙyatawa, har ranar da ƙanin da aka yada ya zama namu.

Bara ne wani ƙaninmu ɗan shekara 23 ya fara fita gudun asuba don ya rage ƙiba. Allah ya ba shi naci. Cikin wata huɗu ya tashi daga zagaye biyu na filin makarantar unguwarsu zuwa kilomita 15. Ranar da ya cika sha biyar ɗin ya nuna mana a wayarsa, mu kuma muka ɗauki kiɗa. Wani ya ce ai wannan ɗan Kenya ne aka haifa mana a gida. Wani ya ce saura fanfalaki. Kafin mako ya zagayo mun yi masa karo-karon kuɗin mota zuwa wata gasa a Kudu. Duk cikinmu babu wanda ya tambaye shi kilomita nawa yake yi a mako, ko ya taɓa ganin likita, ko akwai inda yake masa ciwo. Ashe ƙwaurinsa ya yi mako biyu yana damunsa, ya ɓoye don kada a ce ya karaya. Da safen gasar ya afa maganin ciwon jiki ya shiga sahu. A kilomita na 27 ya zube. Zuwa dare fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Kwana shida ya yi a gadon asibiti a garin da bai san kowa ba, likita kuma ya ce da an ƙara jinkiri da sai an kai ga wankin ƙoda. Da muka je gaishe shi bayan an dawo da shi gida, mahaifiyarsa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "'Ya'yan nan, ku gaya mini, wa ya aike shi?" Muka sunkuyar da kai muka ce, "Ƙaddara ce, Umma." Mun san ba amsar ke nan ba. Yau wata tara bai sake ɗaura kambas ba.

Abin da ya sa muka tono wannan magana, mun ga an sake ɗauko kiɗan. Akwai wasu sababbin 'yan gudu biyu a cikinmu, namiji da mace, duk ba su cika wata biyar da farawa ba, an riga an fara ce musu "bana da ku za a je". To mu dai a wannan karon ba za mu yi shiru ba. Matsayinmu shi ne: ƙarfin zuciya ba ya nuna mutum ya isa gudun fanfalaki. Ranar da aka sa wa gasa ba ta nunawa, tafin abokai ma haka. Abin da ke nunawa shi ne watannin da ƙafa ta riga ta ci a kan hanya, rubuce, wanda kowa zai iya dubawa ya ƙirga. Duk wanda ya zuga sabon shiga alhali bai ga wannan lissafi ba, yana da kaso a duk abin da ya biyo baya.

Bari mu fara da tsawon abin, don da yawa daga masu zugar ba su taɓa auna shi ba. Kilomita 42 ne da mita 195. Tazarar da aka yi gudu a kanta ke nan a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka tabbatar da ita a matsayin ma'auni a 1921. A hanyar fili mai mita 400, zagaye 105 ke nan da rabi. A kan titi, kusan daga Kano ne zuwa Wudil. Idan kowane taku mita ɗaya ne, taku sama da dubu 42 ke nan, kuma a kowane ɗaya ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Masu cewa "ai yana buga ƙwallo, yana da numfashi" su sani ƙwararren ɗan ƙwallo kan yi kilomita 10 zuwa 12 ne a wasa guda, yana yi yana tsayawa, ga hutun rabin lokaci. Fanfalaki wasa huɗu ne a jere, babu alƙalin da zai busa a huta.

Yanzu ga inda jiki yake yaudarar sabon ɗan gudu. Zuciya da huhu suna saurin sabo. Mako shida zuwa takwas da farawa mutum zai ji haki ya ragu, ƙirji ya buɗe, ya ji kamar zai iya zagaye gari. Ƙashi da jijiya da gaɓoɓi kuwa ba sa wannan sauri, su watanni suke ɗauka suna ƙara ƙwari a hankali. Sai ka ga inji ya zama na tirela, ƙafafun kuwa har yanzu na keke ne. A wannan tsakanin ne ake samun ciwon ƙwauri, ciwon gwiwa, ciwon dunduniya, da tsagewar ƙashi irin wadda ba faɗuwa ce ke kawo ta ba, yawan duka ne a wuri ɗaya. Wanda ya yi wata huɗu yana gudu yana tsakiyar wannan tarko, kuma a daidai lokacin ne yake jin ya fi kowa lafiya.

Yaudara ta biyu ita ce lissafin "rabi da rabi". Mutum ya yi kilomita 21 ya ce saura in ninka. Jiki ba haka yake lissafi ba. Akwai sukarin da yake ajiyewa a tsoka da hanta, shi ne makamashin da ya fi saurin ƙonewa, kuma ga yawancin mutane yakan kusa ƙarewa ne a wajajen kilomita 30 zuwa 35. Nan ne wurin da 'yan gudu suke kira bango. Ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, kai ya ɗau juyawa, mutum ya rasa lissafin da yaro ɗan aji biyu zai yi. Wanda iyakarsa sha biyar ko ashirin bai taɓa ko hango bangon nan ba, balle ya san yadda ake cin abinci da shan ruwa a kan hanya don a jinkirta isowarsa. Kilomita goman ƙarshe wata ƙasa ce daban, ba a shigarta da labari.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mu ma da bakinmu muka taɓa faɗar su.

Za a ce wane ya je babu wani shiri, ya gama, ga hotonsa da lambar yabo a wuya. Gaskiya ne, ana samu. Amma hoton wa muke gani? Na wanda ya gama. Wanda motar asibiti ta kwasa ba ya ɗora hoto. Wanda ya ƙarasa da ɗingishi, ya yi wata uku ba ya iya durƙuso, ya rantse shi da gudu har abada, shi ma ba ya ba da labari. Muna ƙirga waɗanda suka haye kogi ne muna cewa ruwan ba zurfi.

Za a ce Abebe Bikila na Habasha ko takalmi bai sa ba ya ci zinare a Rum a 1960. Haka ne. Sai dai masu kawo wannan misali sukan tsallake cewa soja ne a rundunar tsaron sarki, yana ƙarƙashin mai horarwa ɗan Suwidin, Onni Niskanen, kuma ya riga ya yi wannan tazara a gida kafin ya je Rum. Takalmi ya ajiye, bai ajiye atisaye ba. Za a kuma ce marigayi Kelvin Kiptum a fitarsa ta farko a Balensiya a 2022 ya girgiza duniya, shekara ɗaya bayan nan ya kafa tarihi a Shikago da awa 2 da daƙiƙa 35. Shi ma shekaru ya yi yana gasar kilomita 21 kafin ranar. Ku dubi Eliud Kipchoge, wanda kowa ke sa hotonsa. Ya zama zakaran duniya a mita 5,000 a Faris tun 2003, amma bai shiga fanfalakinsa na farko ba sai a Hambug a 2013. Shekara goma yana cikin manyan 'yan gudun duniya kafin ya ce ya isa. Mu kuma namu wata huɗu.

Za a ce mu mutanen Arewa jikinmu ya saba da wahala, manominmu yana wuni a rana, makiyayinmu yana taka sayyada daga jiha zuwa jiha. Babu mai musun wannan, kuma juriya ce da ta cancanci girmamawa. Amma makiyayi tun yana ɗan shekara bakwai yake bin shanu, ga shi tafiya yake yi, yana tsayawa a inuwa, yana sanin inda ruwa yake. Shi ma atisayen shekaru ne ya kai shi nan. Ɗan birnin da ke hawa adaidaita daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba ya gadon wannan juriya don kawai yare ɗaya suke yi.

Sannan ga zafi, wanda bai san jarumi ba. A Olamfik ta Sitokholm a 1912 ɗan Fotugal Francisco Lázaro ya faɗi a tsakiyar tsere cikin zafin rana, washegari ya rasu. A gasar duniya ta Doha a 2019, saboda zafi sai tsakar dare aka tashi tseren mata, duk da haka cikin 68 da suka fara, 28 ba su ƙarasa ba. Waɗannan fa zaɓaɓɓun ƙasashensu ne. A Olamfik ta Tokiyo ma sai da aka ɗauke tseren aka kai shi Sapporo can arewa don gudun zafi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Babbar gasar da matasanmu suka fi hari ita ce ta Legas, wadda aka fara a 2016, ake kuma yin ta a watan Fabrairu. Wanda ya yi atisayensa a Kano ko Katsina ko Sakkwato a Disamba da Janairu, cikin sanyin hunturu ya yi shi, iska busasshiya, gumi na fita yana bushewa. Ya sauka Legas ana jibi gasa, ya tarar da iska mai laima wadda gumi ba ya bushewa a cikinta, jiki kuma ta bushewar gumi yake huce zafinsa. Sabawa da irin wannan yanayi kan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Namu yaron da motar dare ya isa.

Amsar da ta fi ciwo ita ce a ce muna kashe wa matasa gwiwa. Wa ya kashe gwiwar ƙanin nan namu, mu da muke cewa a jira, ko mu na bara da muka ce ya je? Da mun ce masa ya shiga na kilomita 10, da ya dawo da murna, da yanzu yana shirin na 21, da baɗi ko baɗin baɗaɗa ya yi cikakken. Gaggawarmu ta raba shi da abin da ya fara so. Sannu ba ta hana zuwa.

To yaushe mutum ya isa? Ga abin da muke ganin ya kamata a tambayi duk wanda ya ce zai je, kafin a ba shi ko naira ɗaya ta mota.

Na farko, ya yi aƙalla shekara guda yana gudu ba yankewa, sau uku ko huɗu a mako? Shekarar da ta haɗa da zafin Afrilu, da damina, da hunturu, da azumi, ya ga yadda jikinsa yake a kowane. Wanda ya yi wata biyu ya huta wata biyu, lissafinsa daga farko yake komawa.

Na biyu, yana iya haɗa kilomita 30 zuwa 40 a mako, makonni a jere, babu ciwon da ke canza masa taku? Wannan shi ne harsashi. A kansa ne ake ɗora shiri na musamman, wanda yawanci mako 16 zuwa 20 ne. Ku ƙirga da kanku: mai son gudu a Fabrairu tun Oktoba zai shiga wannan shiri, harsashin kuma ya riga ya bushe kafin Oktoban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ya shiga gasar kilomita 10 da ta 21 ya gama? Ba gamawar da za a ɗauke shi ranga-ranga ba, gamawar da bayan 'yan kwanaki zai koma atisaye. A gasa ne mutum yake koyon abin da ba a koyo shi kaɗai, musamman yadda zai riƙe kansa a farko lokacin da kowa ya fyalla da gudu kamar an biyo shi. Ana yin gajerun tsere a ƙasar nan, akwai na Okpekpe a jihar Edo mai kilomita 10, gasar Legas ɗin ma tana da ɓangaren kilomita 10. Babu abin kunya a ciki.

Na huɗu, a cikin shirinsa ya hau a hankali har ya yi doguwar fita ta kilomita 28 zuwa 32, ko sau biyu, sannan ya sassauta mako biyu zuwa uku kafin gasa? A waɗannan fitar ne zai gwada abin da cikinsa ke karɓa, dabino ne ko ayaba, da yawan ruwan da ya dace da shi. Ruwan ma yana da iyaka. Binciken da aka yi a kan 'yan gudun Boston na 2002 ya gano kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, babban dalili kuwa yawan shan ruwa fiye da kima, kuma waɗanda suka daɗe a kan hanya sun fi faɗawa ciki. Su wa suka fi daɗewa a hanya? Sababbin shiga.

Na biyar, ya ga likita? A auna hawan jini, a saurari zuciya, a tambaye shi ko a danginsu an taɓa samun wanda ya yanke jiki ya mutu yana matashi, ko shi ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana motsa jiki. 'Yan'uwanmu mata a duba ƙarancin jini. Sannan gwajin AA da AS, irin wanda ake yi kafin aure. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS ba mai ciwon sikila ba ne, kuma ba a hana shi gudu ba, amma idan tsananin wahala da zafi da ƙishirwa suka haɗu masa, haɗarin narkewar tsoka ya fi yawa a kansa, irin narkewar da ke toshe ƙoda. Gara ya sani ya yi shiri da saninsa. Wanda kuma zazzaɓi ya kayar a makon gasa, gasar ta wuce shi, ko nawa ya kashe. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak kafin tsere ƙarin nauyi ne a kan ƙodar da ke fama da ƙarancin ruwa. Tiramol kuwa ba ma sai mun tsaya a kansa ba. Ciwo ɗan aike ne, jiki magayi. Wanda ya toshe bakin ɗan aike bai hana abin da aka aiko a faɗa masa faruwa ba.

Na shida, rayuwarsa ta ba shi fili? Shirin fanfalaki yana cin barci, yana cin abinci, yana cin takalmi. Ɗalibin da ke fuskantar jarrabawa, ko mai tsaron shagon da sai sha ɗayan dare yake rufewa, ko wanda cin sau uku ke yi masa wuya a wannan tsadar, ba rago ba ne idan ya ce sai wata shekara. Hankali ya yi.

Na bakwai, kuma a wurinmu shi ne babba: ya taɓa fita gudu ya ji wani abu ba daidai ba, ya tsaya, ya tako gida a ƙafa ba tare da jin kunya ba? Wanda bai iya tsayawa ba bai isa ya fara ba. A Olamfik ta Faris a 2024, Kipchoge ɗin nan, mai zinare biyu a wannan tsere, da jikinsa ya ƙi sai ya tsaya a wajajen kilomita 30, duniya tana kallo. Bai mutu don kunya ba. Yaronmu kuwa ya ci gaba da jan ƙafa daga kilomita na 20 har ya zube, saboda yana tunanin abin da za mu ce idan ya dawo hannu rabbana. Mu muka ɗora masa wannan kaya.

Saura tambaya ɗaya: wa zai yanke hukunci? Ba shi mai gudun kaɗai ba, don mai ɗoki ba ya ganin ramin gabansa. Ba mu 'yan tafi ba, don ranar da abin ya ɓaci "Allah ya ƙara sauƙi" ce iyakar gudummawarmu. A bar wa abu uku. Littafin atisaye, ko na 'yan makaranta ne mai ganye arba'in, a rubuta rana, tazara, lokaci, da inda ya yi ciwo. Sai tsohon hannu wanda ya taɓa yin tazarar da ƙafarsa, wanda ba ya jin nauyin cewa "ba bana ba". Sai likita. Idan ukun nan suka yarda, mu kawo kuɗin mota, mu raka shi tasha, mu ce ya gaishe su. Idan ɗaya ya ƙi, magana ta ƙare sai wata shekara. Titin yana nan, ba inda za shi.

Ku kuma ƙannenmu biyu da ake yi wa kiɗa yanzu, ku ji daga bakin waɗanda suka taɓa yin kiɗan. Muna alfahari da ku, kuma abin da kuka yi cikin wata biyar yawancinmu ba mu yi shi a shekara biyar ba. Saboda haka ne ma muke so mu gan ku kuna gudu kuna da shekara hamsin. Ku nemi na kilomita 10 bana. Duk wanda ya ce muku ragwanci ne, ku miƙa masa kambas ku ce bismillah, ya shige gaba.

Mu kuwa akwai bashin amsa da Umma take bin mu, kuma mun yi niyyar zuwa mu biya a wannan Juma'ar. Mu muka aike shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa idan mai kowa ya kai mu.